Kofur Dalhatu da Rigar Aro

Duk wanda ya taɓa kai guga shagon Kofur Dalhatu a unguwar Malam Inna ya san dokar wurin: ba a tsaya masa a kai yana aiki, ba a kuma ce masa ya yi sauri. In ka kawo shaddarka ana gobe ɗaurin aure, wannan kai ta shafa. Shi dai zai hura gawayinsa a natse, ya ɗaga dutsen guga kusa da kuncinsa ya ji zafinsa, ya gwada a kan wani tsohon tsumma, sannan ya yarda ya ɗora a kan kayan mutane. Ko an kawo wuta ba ya taɓa dutsen lantarki, wai ba ya yi wa mutum gargaɗi kafin ya yi ɓarna. Tun da ya buɗe shagon nan bai taɓa ƙona wa kowa ko hankici ba. Riga ɗaya tak ya taɓa ƙonawa a duniya, tasa ce ta kansa, kuma ita ce ta haifi duk wannan labari.

Mahaifinsa mutumin ƙasar Katsina ne, auduga ta kawo shi Gombe tun zamanin da ake loda ta a jirgin ƙasa. Tsohon ya so ƙwarai ɗan nan ya gaji ciniki, amma Dalhatu irin yaran nan ne da in aka zaunar da su a rumfa sai ƙafarsu ta kama ƙaiƙayi. Da aka zo ɗibar soja ya faki idon tsohon ya shiga layi. Abin da ya tafi da shi daga gida bai wuce biyu ba, bille a kuncin hagu wanda wanzami ya yi masa tun yana jariri, da baki wanda ba ya mutuwa.

A wurin horo ya haɗu da Alfred Yila, wani Batangale dogo, baƙi, mai sanyin magana, fuskarsa sumul babu tsaga ko ɗaya. Shi kuwa Dalhatu gajere ne, mai hasken fata, ga surutu kamar an kunna rediyo. Ko a duhu ba wanda zai ɗauki wannan a matsayin wancan. Tare aka kai su Laberiya, tare aka wuce da su Saliyo. In ka zauna a bencin shagon guga za ka sha labarin yaƙin nan har ka ƙoshi, sai dai 'yan tawayen da suka kewaye su kullum ƙaruwa suke yi, na bana sun fi na bara. Alfred in aka tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce shi dai abin da ya riƙe shinkafa ce da miyar ganyen rogo. Abu guda suka haɗu a kai: akwai wata rana a bakin wani kogi da ɗayansu ya goyo ɗaya a baya har sansani. Wane ne ya goyi wane, wannan ba su taɓa gaya wa kowa ba, har matansu.

Da lokacin sallamarsu ya yi, sai aka ce kowa ya kawo ƙaramin hoto cikin kaki, wanda za a manna a littafin sallamarsa. Mai hoto kuwa safiya ɗaya zai yi a bariki. Dalhatu ya ƙudura cewa hotonsa sai ya fi na kowa fita. Ya shayar da rigarsa sitaci har tana iya tsayawa da kanta, ya cika dutse da garwashi, ya ɗora a ƙirjin rigar. Sai wani maƙwabci ya leƙo ta taga, Dalhatu ya juya don ya ƙarasa masa wani labari da ya fara jiya. Ƙauri ne ya dawo da shi. Ko da ya ɗaga dutsen, ga rami nan a ƙirjin riga daidai siffar dutsen guga. Sauran kayansa kuma sun riga sun yi gaba a mota tare da matarsa Ruƙayyatu da yara.

Aron riga don hoto ba baƙon abu ba ne a bariki. Ƙa'idar ita ce ka warware ɗan ƙyallen nan mai suna da ke ƙirji kafin ka sa. To amma ba a fafe gora ranar tafiya: layi ya kusa ƙarewa, mai hoto ya fara naɗe labulensa. Alfred yana tashi daga kujerar hoto ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa abokinsa. Ta yi wa Dalhatu yawa, aka tattare ta baya aka riƙe masa da hannu, ya washe baki, aka ɗauka. Hotuna biyu suka fito, fuska daban-daban, amma kowanne ƙirjinsa na cewa Yila.

Akawun da ke manna hotuna yana da tulin littattafai a gabansa, bai san fuskar kowa ba, ƙirji yake karantawa. Yila na farko da ya zo hannunsa ya manna shi a littafin Alfred, wanda ya rage ya manna a littafin da ya rage. Ya kawo hatimi ya buga, rabi a kan hoto rabi a kan takarda, yadda duk wanda ya ɓamɓare da kansa ya zama mai jabun takarda. Na farkon nan kuwa shi ne mai bille.

Sai a mota, sun yi nisa a hanyar gida, suka buɗe littattafansu. Alfred da ba a cika jin dariyarsa ba ya yi ta yi har da hawaye. Dalhatu ya ce a tsayar da mota su koma. Direba ya ce sai dai su koma a ƙafa. Suka ce to, in an huta a gida sai a zo a gyara.

Hutun nan ya fi shekara ashirin. Duk lokacin da aka kira tsofaffin sojoji tantancewa, tare suke zuwa, su tsaya kafaɗa da kafaɗa su miƙa littattafai biyu lokaci guda. Jami'i ya dubi littafi, ya dubi fuska, ya sake duban littafi, kafin ya buɗe baki Dalhatu ya riga ya fara: sitaci, garwashi, taga, ƙauri. Ofis ya ɗauki dariya, a rubuta ɗan bayani a gefe, a ce musu lallai su je su yi takardar rantsuwa a gyara wannan abu. Su ƙame su ce an gama, ranka ya daɗe. Suna fita sai wajen mai tsire. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma gaskiyar ita ce daɗin abin suke ji. Dalhatu kan yi ƙorafin cewa duk rundunar soja ba wanda aka ɗora wa fuska mai nauyin tasa. Alfred ya ce ai shi aka cuta, yana zaman zamansa aka zana masa bille. Littafin nan mai fuskar Alfred kuwa kullum yana aljihun ƙirjin Dalhatu cikin leda. In sun yi musu ya ga ba zai ci ba, sai ya ciro shi ya buɗe, ya yi wa hoton faɗa a gaban mai shi.

Da Alfred ya yi gini a Tumfure, can inda gidaje ke kutsawa cikin gonakin masara, Dalhatu ya ce ya koma daji ke nan, ba mai sake ganinsa. Amma duk Asabar sai ga dogon nan ya sauko daga keken napep da rigar zuwa coci a hannu, wai duk Tumfure babu mai guga. Akwai su, har biyu a kan layinsu.

Bara, bayan an kawar da amfanin gona, Alfred ya kwanta ciwo, bai kuma daɗe ba. Dalhatu ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya ƙara amma ba ya ƙarewa. Matar marigayin, Lois, ta ce mijinta ya bar wasiyya a sa masa kakinsa, rigar nan dai ta hoto da ya adana a ƙasan akwati. Dalhatu ne ya goge ta. Ruƙayyatu ta ce ba ta taɓa ganin ya daɗe a kan riga ɗaya haka ba, kuma ranar ba ta ji ya yi wa kowa magana ba har ya gama.

Bayan kwanaki sun ja, Lois ta shirya zuwa ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji don ta kai shaidar rasuwa, a fara ba ta haƙƙin mijinta. Akwai 'yar autarsu Jummy a makaranta, akwai ɗaki guda da marigayi bai ƙarasa rufawa ba. Dalhatu ya ce shi zai raka ta, ai ya san hanya, ya san mutane. Ya sayi gyaɗa a bakin ƙofa, ya zauna a benci daidai saitin taga, ita ta shiga.

Mutanen da ya sani an canza su. Wani matashin kyaftin ne a kan teburin, Suhaib, ga kwamfuta a gabansa da 'yar na'urar ɗaukar fuska. Ya yi wa Lois gaisuwar rashi cikin ladabi, ya buɗe littafin marigayi. Sai ya ɗaga kai ya dubi taga. Ya sunkuya, ya sake ɗagawa.

"Mama, wannan ne mijin naki da ya rasu?"

Ta ce littafinsa ne.

"To wancan da ke cin gyaɗa a benci fa?"

Aka shigo da Dalhatu yana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga riga. Ya ƙame, ya fara: sitaci, garwashi, taga. Amma wannan karon ba dogo a gefensa da zai gyaɗa kai, sai ya ji labarin yana yi masa nauyi a baki. Kyaftin ya yi dariya kamar yadda na baya suka yi, sai dai bai rubuta komai a gefe ba. Ya ce yanzu ba mutum ke duba fuska ba, na'ura ce, ita kuwa ba ta jin labari. In ya tura takardun nan a haka, ko dai a can sama a ce an zo da ƙarya, ko a binne Dalhatu a takarda a bar Alfred da rai. Ya lissafa abin da ake bukata: takardar rantsuwa daga kotu, wasiƙar shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, da mutum biyu da suka yi aiki tare da su. In an kawo, zai ɗaga hotunan da hannunsa, kowanne ya koma littafinsa, a buga sabon hatimi. Daga nan littafin marigayi ya wuce hedkwata, ba ya dawowa. Kafin a yi haka kuwa, ba abin da zai fito wa Lois.

Duk cikin jawabin nan kalma biyu suka zauna wa Dalhatu a kunne: ba ya dawowa.

Mutumin da ya ce ya san hanya sai hanya ta ɓace masa. Yau kotu ba ta zama. Gobe shugaban ƙungiya ya tafi Kwadon duba gonarsa. Jibi gwiwa ta tashi. Ga kuma kayan sallah da suka taru a shago, ai ba a bar wa mutane kayansu ba guga. 'Yarsa Fiddausi ta gane inda gizo ke saƙa, ta ɗauki hoton shafin da fuskar Alfred take a wayarta ta nuna masa, ta ce ga shi nan ba inda zai je. Ya duba ya ce ya yi kyau, ya mayar mata da wayarta. Abin da ke cikin waya ba ya kwana a aljihun mutum.

Lois ba ta taɓa tuna masa ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ta kafa tebur a bakin titin Tumfure tana sayar da kunun gyaɗa da ƙosai. In ya kira ta a waya sai ta ce lafiya lau, Allah na nan, a gaida Maman Fiddausi. Ruƙayyatu ce ta je dubo ta bayan ruwan farko, ta tarar an jera robobi a tsakar ɗaki suna tarar ruwa, an jingine katifar Jummy a bango. Ta dawo ba ta ko cire mayafi ba ta tsaya a ƙofar shago, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, yaushe za ka kotu?"

Ya ce ai ta san yadda gwiwar nan take.

"Gwiwar da ta kai ka kallon ƙwallo jiya?"

Ya ajiye dutsen a kan murfinsa. Ya daɗe yana gyara wuyan wata riga da ba ta bukatar gyara, sannan ya ce, "In suka cire shi, shi ke nan ya tafi."

"Ya riga ya tafi, Malam. Matarsa ce ba ta tafi ba. Hoto ba ya cin tuwo, ba ya jin ruwan sama."

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba ko a gaban kwamanda. Ya ga cewa ya riƙe abokinsa a aljihu, ya bar iyalin abokin a cikin ruwa.

Da ya tashi yi kuwa, a soja ya yi. Washegari ya rufe shago, ya rubuta da gawayi a ƙofa cewa mai guga ya tafi aikin ƙasa. A kotu magatakarda ya karanta abin da zai rantse a kai, ya sake karantawa, ya ce shi dai ya ga masu gyara shekaru da masu gyara suna, amma bai taɓa ganin wanda ya zo ya rantse fuskarsa ba tasa ba ce. Dalhatu ya ce yau ya gani. Shugaban ƙungiya har gona ya bi shi, aka rubuta wasiƙa a kan sirdin babur. Shaidu biyu kuwa ya samo su, tsofaffin saje-saje, ɗaya ba ya ji sosai, ɗayan kuma ba ya yarda da duk abin da na farkon ya faɗa. Tun daga Malam Inna har ofis suna musu a kan sunan kogin nan na Saliyo, amma a kan maganar riga bakinsu ɗaya, domin dukansu sun ji ƙaurin a ranar.

Kyaftin Suhaib ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe littafin Dalhatu inda aka rubuta alamomin jiki, ya ga an sa bille a kuncin hagu, ya dubi kuncin Dalhatu, ya dubi fuskar da ke hoton, sumul. Ya ce abin ai a bayyane yake tun farko, gyara kawai aka ƙi yi. Dalhatu ya ce haka ne, ranka ya daɗe, ba ƙi aka yi ba, hutawa ake yi.

Sai kyaftin ya ciro sabuwar reza. Ya fara da littafin marigayi, ya ɗaga mai bille a hankali ya ajiye gefe. Da ya jawo ɗaya littafin, wanda ledarsa ta yi laushi saboda zufar shekaru, Dalhatu ya miƙe daga kujera ya ƙame, gwiwa ko ba gwiwa. Tsofaffin nan biyu suka bar musunsu suka miƙe su ma. Rezar ta shiga ƙarƙashin hoton, ya ɗago ba tare da ya yage ba. Kyaftin bai yi saurin manna shi ba, ya ɗan riƙe shi a tafin hannu yadda kowa zai gani. Dalhatu ya sara masa. Aka manna Alfred a littafin Alfred, aka buga hatimi, Lois ta sa hannu, aka zura littafin cikin babban ambulan aka liƙe. Kyaftin ya ce mata yanzu ba abin da zai tare haƙƙinta, ta je ta nemi mai rufi. Ya manna mai bille a littafin Dalhatu, ya miƙa masa a rufe, ya ce tsohon hoton zai zauna yadda yake tunda takardar rantsuwa ta yi bayaninsa.

Dalhatu bai buɗe ba. Ya sallami shaidunsa da kuɗin mota, ya ce zai raka Lois gida. Suka shiga keken napep, tafiyar nan mai tsawo ta Tumfure. Tun da Lois ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi shiru daga unguwa zuwa unguwa ba, yau ga shi har sun bar cikin gari bai ce uffan ba, littafi a hannunsa ya kasa sa shi a aljihu. Tausayinsa ya kama ta. Da suka fara ganin masara a gefen titi ta ce, "Kofur, buɗe mana mu gani, ko da gaske ka fi shi kyau."

Ya buɗe don kada ya ƙi mata. Wani saurayi ne mai bille, ya washe baki kamar an yi masa albishir, kafaɗun riga sun zubo masa. Ya ga hoton nan sau ba adadi a hannun Alfred, amma a can sunan da ke ƙirjin ya dace da littafin, ido ba ya tsayawa a kansa. Yau da ya dawo littafin Dalhatu Usaini, shi ne abin da ido ya fara faɗa wa. Ga shi nan fes, daidai kan aljihun ƙirji: Yila.

Lois ta daɗe tana kallo. Ta sa gefen mayafinta ta goge ido, ta yi 'yar dariya.

"Ashe a hoton nan bai karɓi rigarsa ba."

"Aro ce, Maman Jummy," in ji Dalhatu. "Bai ce in dawo da ita yau ba."

Ya rufe littafin, ya naɗe shi cikin tsohuwar ledarsa, ya zura shi a aljihun ƙirji inda ya saba zama, ya danna da tafin hannu. Sannan ya taɓa kafaɗar mai keke ya tambaye shi ko ya taɓa jin labarin yadda aka kewaye su a Saliyo.